Kundin ma'aikata a kan sabar: yadda ake taɓa sikima da filogin ba tare da an raba kan Ƙonni, Malbaza da Illela ba

Duk ma'aikatar da ke da ofisoshi a gari fiye da ɗaya, kuma ma'aikatanta na shiga kwamfuta da suna da kalmar sirri, akwai ranar da za ta gaji da buɗe wa mutum guda asusu biyar a manhajoji biyar, sannan idan aka yi masa canjin wurin aiki a rufe uku a manta da biyu. Maganin da aka daɗe da sani shi ne kundi ɗaya a kan sabar, mai riƙe da sunan kowane ma'aikaci, rukunin da yake ciki da abin da aka yarje masa ya taɓa, sauran manhajoji kuma su riƙa tambayar wannan kundi. Harshen da ake tambayar da shi sunansa LDAP. Ya samo asali daga aikin da aka yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka, an wallafa ƙa'idarsa ta farko a 1993, siga ta uku da ake aiki da ita har yau kuma a 1997. Cikin manhajojin kyauta da ke wannan aiki akwai FreeIPA, wadda ke tsaye a kan 389 Directory Server, ta haɗa shi da Kerberos don tantance masu shiga. Ko DHIS2, da gundumomin kiwon lafiya na Nijar ke shigar da alƙalumansu a ciki, ana iya saita ta ta nemi tabbacin mai shiga daga irin wannan kundi. Girka shi ba shi ne wahala ba. Ɓarnar tana zuwa ne ranar da aka tashi sauya abubuwa biyu: sikima, wato ƙa'idar da ke faɗin irin bayanin da kundin zai karɓa, da filogin, wato ƙananan manhajojin da ke aiki a cikin sabar duk lokacin da aka rubuta wani abu. Ra'ayina shi ne, a yanki irin na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, inda rezo ke ɗaukewa wuta kuma ba ta da tabbas, bai kamata a yi ko sauyi ɗaya da hannu ba. Kowane sauyi a rubuta shi a fayil, a gwada shi, sannan a aiwatar. Dalili kuwa ɗaya ne: sikima tana bin waya ta isa sauran sabobi da kanta, saitin filogin kuwa yana nan inda aka yi shi.

A fara da sikima. Kowane bayani a kundi yana da gurbi, kowane gurbi yana da suna, da lambar shaida da ake kira OID, da irin rubutun da zai ɗauka, da ƙa'idar kwatanta shi idan ana bincike. Ana tattara gurabe a cikin aji, ajin kuma shi ke faɗin wanda ya zama tilas da wanda yake ganin dama. Ajin person ya wajabta gurabe biyu, cn na cikakken suna da sn na sunan dangi, kuma a nan ne mai kula da kundi a ƙasar Hausa zai fara cin karo da matsala, domin yawancin mutane ba sunan dangi suke ɗauka ba, sunansu ne da na uba, wani lokaci da na kaka. Dole ma'aikata ta yanke shawara sau ɗaya ta rubuta ta: sn shi ne sunan uba kamar yadda yake a takardar hukuma. Bayan wannan sai rubutun sunan kansa. Wanda katinsa ya ce Aboubacar, a gida da kasuwa Abubakar ne. Issoufou shi ne Yusufu. Kassimou shi ne Ƙasimu. Gurbin cn yana amfani da irin rubutun da ake kira Directory String, wanda ke karɓar UTF-8, saboda haka ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk suna shiga lafiya. Gurbin mail kuwa a ƙa'idar LDAP IA5 String ne, baƙaƙen Turanci zalla, FreeIPA ma ba ta yarda da harafi mai lanƙwasa a sunan shiga. Ƙa'idar caseIgnoreMatch ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami, amma ba ta ɗauki ƙ da k abu ɗaya ba. Sakataren da ya nemi Ƙasimu bai ga komai ba zai ɗauka mutumin ba ya cikin kundi, ya buɗe masa asusu na biyu, daga nan mutum ɗaya ya zama biyu a idon na'ura.

Kafin a ƙirƙiro sabon gurbi, a duba abin da ke akwai. Ajin inetOrgPerson, wanda aka wallafa a shekara ta 2000, yana da employeeNumber da zai ɗauki lambar ma'aikaci, da departmentNumber, da manager, da preferredLanguage. Gurbin mobile yana karɓar lamba fiye da ɗaya, abin da ya dace da mutumin bakin iyaka mai layin +227 a aljihu ɗaya da na +234 a ɗayan. Gurbin l na gari ne. A kan batun gari ina da tsayayyen ra'ayi: kada a gina rassan kundi bisa taswirar mulki. A 2011 an ƙara yawan gundumomin Nijar daga 36 zuwa 63, aka cire Malbaza daga Ƙonni, aka cire Bagaruwa daga Illela. Da wani ya jera ma'aikatansa a ƙarƙashin reshe mai suna Ƙonni, da sai ya kwashe na Malbaza da Dogarawa ya sauya musu adireshi a kundi, duk manhajar da ta riƙe tsohon adireshin kuma ta ɓace musu. FreeIPA ta kauce wa wannan, tana ajiye dukkan ma'aikata a shimfiɗe wuri guda, gari kuwa ya zama bayani a gurbi ko rukuni da ake shiga a fita. Sai dai a tsayar da jerin sunayen garuruwan, kowa ya ɗauko daga ciki. Akwai Illela ta jihar Tawa, akwai Illela ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Ƙonni a ƙetaren iyaka, akwai kuma Allela a cikin gundumar Ƙonni kanta. Idan aka bar kowane sakatare ya rubuta yadda ya ga dama, dokar automember da ke zuba mutane a rukuni bisa garinsu za ta zuba wasu inda bai dace ba, ta bar wasu a waje.

Idan an duba an ga lallai babu gurbin da ake buƙata, misali na ajiye sauran rubuce-rubucen sunan mutum, ga yadda ake yi. Da farko a nemi lambar ma'aikata daga hukumar IANA. Kyauta ake ba da ita, tana zuwa a ƙarƙashin 1.3.6.1.4.1, kuma daga ita ake yanko OID na kowane gurbi da aji. Kada a ari lambar wani, kada a ƙago ta da ka, domin ranar da aka girka manhajar da ke da wannan lamba ta haƙiƙa sabar za ta ƙi ɗaya daga cikinsu. Sunan gurbin ya fara da harufan da ke nuna ma'aikatar, don kada ya yi karo da na duniya. A ba shi caseIgnoreMatch, da caseIgnoreSubstringsMatch don neman guntun suna, da lambar Directory String, wato 1.3.6.1.4.1.1466.115.121.1.15, a bar shi ya ɗauki ƙima da yawa. Sannan a sa shi cikin sabon aji na taimako, irin AUXILIARY, a ƙarƙashin MAY. Wannan zaɓi na da muhimmanci ƙwarai: aji na taimako ana liƙa shi a kan asusun da ke akwai ba tare da an rushe komai ba, gurbin ganin dama kuma ba ya mayar da tsofaffin asusu masu laifi. Wanda ya sa MUST a kan abin da rabin ma'aikata ba su da shi, shi da kansa zai zo yana neman kashe nsslapd-schemacheck, kuma kashe wannan bincike buɗe ƙofa ce ga shara da ba a iya sharewa daga baya. Fayilolin sikima na asali da suka zo da manhaja ba a taɓa su, sabuntawa ta gaba za ta rubuta a kansu. Abin da aka ƙara ta cn=schema yana sauka a 99user.ldif, daga can ya bi sauran sabobi, shi ya sa ake ƙara sikima daga sabar ɗaya tak da aka zaɓa, a ce ta Ƙonni. A FreeIPA akwai sauran aiki bayan haka: a ƙara ajin cikin ipaUserObjectClasses don sababbin asusu su zo da shi, a liƙa wa tsofaffi da ipa user-mod, a buɗe izinin karantawa da ipa permission-add, domin ba tare da izini ba gurbin yana nan amma ba mai ganinsa. Tun ran gini ran zane: gurbin da aka cika da bayanin mutum ɗari cire shi ya fi saka shi wuya nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda aka fi faɗawa rami. Saitin kowane filogin yana zaune a ƙarƙashin cn=plugins,cn=config, wannan reshe kuma na sabar ɗaya ne, ana ajiye shi a fayil ɗin dse.ldif na wannan na'ura, ba ya bin sauye-sauyen da sabobi ke aika wa juna. Haka fihirisar bincike: idan ka ƙirƙira wa sabon gurbinka fihirisa a Ƙonni, bincike zai yi sauri a can, a Illela kuwa sabar za ta riƙa bin asusu ɗaya bayan ɗaya. Filogin MemberOf shi ke rubuta a jikin asusun mutum rukunonin da yake ciki, kuma a FreeIPA ba a aika wannan bayani, kowace sabar lissafin kanta take yi. Idan saitinsa ya bambanta, ma'aikaciyar jinya za ta shiga manhaja a Malbaza lafiya, ta je Illela a ce ba ta da izini, alhali asusunta ɗaya ne. Filogin Referential Integrity shi ke goge sunan wanda aka cire daga dukkan rukunoni. Idan gurbin da ka ƙirƙira yana nuni zuwa wani asusu, sai ka ƙara shi a jerin da filogin ke dubawa, a kowace sabar. Abin kamar tiya ce a kasuwa: idan ta Ƙonni ta fi ta Illela zurfi, kowane ɗan kasuwa zai rantse ya auna daidai, kuma gaskiya ya faɗa, amma lissafi ba zai taɓa haɗuwa ba. Mugun abin shi ne babu saƙon kuskure da ke fitowa. Kowace sabar tana bin saitinta sau da ƙafa, sai bayan makonni ƙorafi ya fara zuwa, lokacin an manta wa ya taɓa me.

Filogin biyu sun cancanci a dakata a kansu, saboda ɗaukewar rezo ce ke tona asirinsu. Attribute Uniqueness yana hana mutum biyu ɗaukar ƙima ɗaya, kamar lambar ma'aikaci, amma yana dubawa ne a sabar da ake rubutu a kanta kawai, ba ya binciken abin da ya iso daga wata sabar. Idan layi ya yanke da safe, sakataren Ƙonni da na Illela suka shigar da lamba ɗaya ga mutum biyu, kowace sabar za ta karɓa, da layi ya dawo kuma duka biyun su zauna. Idan sunan shiga ne ya zo ɗaya, sabar za ta ware ɗaya ta yi masa alamar nsds5ReplConflict, yana nan a ɓoye har sai wani ya nema da dsconf repl-conflict list. Wannan ba abin da saiti ke warwarewa ba ne, tsarin aiki ne: ofis ɗaya ke buɗe sabon asusu, sauran su gyara lambar waya, su sake kalmar sirri, su dakatar da wanda ya bar aiki. Na biyu shi ne DNA, mai raba wa asusu da rukunoni lambobinsu na uid da gid. Sabar farko ta FreeIPA tana samun lamba 200,000, sabuwar sabar kuwa ba ta da ko ɗaya sai ranar da aka fara buɗe asusu a kanta, sannan ta roƙi rabin abin da ya rage a hannun 'yar'uwarta. Idan wannan rana ta faɗo lokacin da babu layi, buɗe asusun zai ƙi. Don haka da an gama girka sabar a Malbaza, tun layi na nan, a buɗe asusun gwaji a kanta, a duba rabonta da ipa-replica-manage dnarange-show, sannan a goge shi.

Tsarin aiwatarwa kansa gajere ne. Sauyin filogin ko fihirisa a rubuta shi a fayil mai ƙarewa da .update, wanda ipa-ldap-updater ke karantawa. Kalmominsa irin add, only da default suna ba da damar a maimaita shi ba tare da ɓarna ba. A ajiye fayilolin a git, manhajar riƙe tarihin sauye-sauyen fayiloli, kowanne da bayanin dalilinsa da sunan wanda ya amince. A gwada a kan sabar gwaji, ko da a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ce. A ɗauki ajiya da ipa-backup, a sani yana tsayar da hidima na ɗan lokaci, a kwafe ajiyar zuwa wata na'ura. A aiwatar a sabar farko, a sake tayar da ita idan filogin ya buƙaci haka, a gwada da asusu na gaske, a gudanar da gyaran memberof fixup idan shi aka taɓa, sannan a bi sauran sabobi a rana ɗaya, a rufe da ipa-healthcheck. Kada a buɗe dse.ldif a gyara shi sabar na aiki, domin za ta rubuta nata a kan naka. A san kuma da dse.ldif.startOK da ke gefensa, kwafin saitin da sabar ta tashi da shi lafiya a karo na ƙarshe. Ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu fayil ya lalace, shi ne abin komawa. Wannan ba tsoro ne na banza ba. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, aka shafe watanni ana rabon wuta. Sabar da ba ta da batirin da zai ba ta damar kashe kanta cikin tsari, a irin wannan yanayi, ana caca ne da ita.

Wani zai ce wannan duk ɗawainiya ce ta manyan kamfanoni, mu da ma'aikatanmu ba su kai ɗari biyu ba, mai kula da kwamfuta ɗaya gare mu, kuma ya san abin da ya yi. Ƙanƙantar ce ma ta sa rubutun ya zama dole. Inda mutum goma ke kula da sabar, idan ɗaya ya tafi tara sun san labari. Inda mutum ɗaya ne, ranar da aka mayar da shi Tawa ko Yamai, ko kwantiraginsa ya ƙare, ilimin ya tafi da shi, wanda ya gaje shi kuma zai girka sabuwar sabar da saitin asali, bai san akwai gyara bakwai da aka yi wa tsohuwar ba. Rubuta fayil ɗin .update bai fi buga umarnin da hannu tsawo ba sai da 'yan mintoci. Wani kuma zai ce, to me zai hana a ajiye sabar ɗaya a Yamai ko a intanet, a huta da bambancin saiti? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ce: duk sabar da ka rage, ka rage wurin da saiti zai karkace. Ƙaramin ofis a Tsarnawa, Bazaga ko Tajaye ba ya buƙatar sabar kansa, domin SSSD da ke kan kwamfutocin ma'aikata yana iya riƙe shaidar wanda ya taɓa shiga, ya bar shi ya shiga ko babu layi. Amma sabar ɗaya tilo, idan faifanta ya mutu ko hanyar zuwa gare ta ta yanke, ba sabon asusu, ba sauya kalmar sirri, manhajojin da ke tambayar kundi kai tsaye kuma sun tsaya. Biyu ko uku, a garuruwan da suka fi samun wuta da layi, shi ne daidai.

Ƙorafi na uku ya fi zuwa daga shugabanni: tunda kundin na karɓar sababbin gurabe, a zuba komai, albashi, ranar haihuwa, lambar katin ɗan ƙasa, yawan iyali. Ban goyi bayan haka ba. Kundi an gina shi ne don amsa tambaya biyu cikin sauri, wane ne wannan kuma me aka yarje masa, kuma manhajoji da yawa ne ke leƙa shi. Duk abin da ka saka, ka ƙara yawan idanun da za su iya kaiwa gare shi idan izini ɗaya ya kuskure. Ranar haihuwa ma kaɗai ta isa misali: dattawa da yawa takardunsu shekara kawai suka nuna, an ce an haife su wajajen shekara kaza, sai a cusa musu 1 ga Janairu don gurbi ya cika, ƙarya ta zama bayanin hukuma. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kai, saboda haka tara abin da ba a buƙata nauyi ne a wuyan ma'aikata. Bayanin albashi ya zauna a manhajar albashi, lambar ma'aikaci ta zama igiyar da ta haɗa su.

Saura agogo da tsawon yankewa. Kerberos ba ya yarda da bambancin lokaci da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da sabar, sauye-sauyen da sabobi ke musaya kuma da lokaci ake jera su, don haka chrony, mai daidaita agogo, ya kasance yana aiki a ko'ina, a kuma canza ƙaramin batirin agogon tsohuwar na'ura kafin ya mutu. Sabar ba ta riƙe tarihin sauye-sauye har abada: nsDS5ReplicaPurgeDelay yana zuwa da kwana 7, nsslapd-changelogmaxage kuma shi ke iyakance tsawon littafin sauye-sauye. Sabar da ta yi shiru fiye da wa'adin ba za ta iya kamo 'yan'uwanta ba, sai an sake cika ta daga tushe da ipa-replica-manage re-initialize, abin da aka rubuta a kanta ita kaɗai kuma ya salwanta. Mai kula da kundi a wannan yanki ya duba yankewa mafi tsawo da ofisoshinsa suka taɓa gani, ya sa wa'adin ya zarce ta, a kowace sabar. Idan kuma yau kana da sabobi biyu da ba ka taɓa kwatanta saitinsu ba, ka fitar da cn=plugins,cn=config na kowacce da ldapsearch, ka jera su da diff, ka rubuta duk bambancin da ka gani a fayil kafin ka ƙara taɓa komai.